Taron da Ba a Yi Ba

Litinin, 6 ga Janairu, bayan sallar asuba

Sa'adiya ce ta sayo mini wannan littafi a kasuwar Kiru, wai in riƙa zuba maganata a ciki in daina surutu ni kaɗai a tsakar gida. Ni Jibrin da na yi shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu, yau matata ce take saya mini littafi.

Saura mako uku a yi zaɓen ƙungiyarmu ta manoman rani a nan Kwarin Giginya. Mu ɗari biyu da goma sha biyu ne muke ban-ruwa daga magudana ɗaya, wadda take kawo mana ruwan Tiga. Duk shekara uku muke zaɓar shugaba, shi yake riƙe makullin ƙofar ruwa, ni kuma sakatare in rubuta wa kowa ranarsa. Shekarata ashirin da ɗaya a wannan aiki.

Jiya na ƙirga masarar zaɓe na ɗaure ta a ƙyalle. Kowa ƙwaya ɗaya. Ka shiga bayan zana, ka jefa a tukunyar wanda kake so, ka fito ba wanda ya san inda ka jefa. Haka iyayenmu suka tsara mana.

Laraba, 8 ga Janairu, bayan la'asar

Kamalu mijin 'yata Humaira ya zo da baƙo. Yaron kirki ne, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Tun da jam'iyyar Murya Ɗaya ta lashe zaɓen bara suka ba shi shugabancin mazaɓarmu, ya fara ɗaura agogo.

Baƙon sunansa Musaddiq, daga birni jam'iyya ta turo shi. Muryarsa a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya. Ya ce an yanke shawara a sama: duk wata ƙungiya, ta manoma ce ko ta direbobi ko ta 'yan kasuwa, za a naɗa mata kwamitin riƙo, don a samu tsari. Zaɓenmu kuma a ɗaga shi.

Na ce, “Zuwa yaushe?”

Ya ce, “Zuwa lokacin da ya dace.”

Na ce tsarin mulkin ƙungiyarmu bai san wani abu wai shi riƙo ba. Ya yi murmushi ya ce, “Malam, ai jama'a sun riga sun yi zaɓe bara. Sau nawa za a tambaye su?”

Kamalu bai ɗago kai ba. Yana ta tsinkar bakin tabarma.

Juma'a, 10 ga Janairu, kafin masallaci

Tun safe nake tuna shekarar da na tsaya takara da Ubale, shugabanmu na yanzu. Lokacin ina ji da kaina, ga boko, ga baki. Shi ko sunansa ba ya iya rubutawa. Muka cika gindin mangwaron makaranta, mata a gefe guda da goyonsu, masu rake da masu ƙosai sun kafa kasuwa. Aka juye tukwane a kan farin zane, yara suka haye reshe suna taya mu ƙirga da ƙarfi. Ya kayar da ni da ƙwaya uku.

Na ce a sake. Aka sake. Na ce a kuma. Marigayi Liman ya ce, “Jibrin, ko ka ƙirga har Magariba masara ba ta haihuwa a kan zane.” Wurin ya ɗauki dariya, har ni.

Washegari Ubale ya zo gidan nan da kan rake guda a kafaɗa, ya ce, “Ni na fi ka jama'a, kai ka fi ni alƙalami. Zo ka riƙe mini littafi, in na karkace ka faɗa a gaban kowa.” Na kuwa faɗa, ba sau ɗaya ba. Sau biyu ana kayar da shi bayan nan, sau biyu yana miƙa makulli da hannunsa yana ƙunƙuni, sannan ya dawo ya sake ci.

Ban san me ya sa duk wannan yake dawo mini yau ba.

Lahadi, 12 ga Janairu, da hantsi

Na iske Ubale a gonarsa yana tsinkar tumatir. Shi ma sun je masa, sun ce ya ba da makulli.

“Me ka ce musu?”

“Na ce waɗanda suka ba ni su zo su karɓa. Ranar ashirin da bakwai ga wata, in masarata ta gaza, ga makulli ga su.” Ya miƙe yana dafe da ƙugu. “Kai fa, Malam?”

Na ce ai ni ba su nemi komai a wurina ba.

Ya dube ni ya ce, “Za su nema.”

Talata, 14 ga Janairu, bayan azahar

An fasa kwaɗon ƙofar ruwa, an sa sabo.

Juma'a, 17 ga Janairu, da yamma

Tani ta zo. Matar marigayi Abba ce, albasarta tana can ƙarshen magudana inda ruwa yake isa a gajiye. Da wannan albasa take riƙe marayu huɗu. Ta tsaya a zaure ta ƙi zama.

“Malam, ba kai ka rubuta mini Alhamis da hannunka ba?”

Na ce ni ne.

“To jiya tun asuba nake bakin magudana da fartanya har rana ta take. Samarin da aka ajiye a ƙofar ruwa suka ce sai in nuna katin jam'iyya. Na ce musu ni katin ƙungiya na sani, tun kafin a yaye ku nake da shi.”

Na ce ta yi haƙuri, za a duba.

“Wa zai duba? A da in an cuce ni na san gindin mangwaro, na san in na miƙe sai an saurare ni ko ana so ko ba a so. Yanzu ina zan miƙe?”

Sa'adiya ta leƙo ta ce ta shigo ta sha ruwa. Tani ta ce, “Albasata ce mai ƙishirwa, Yaya, ba ni ba.”

Ranar ruwana ni ma ta wuce shekaranjiya. Alkamata ta fara fitar da kai, daidai lokacin da ba ta jure ƙishi.

Asabar, 18 ga Janairu, bayan sallar asuba

Akwai abin da ban taɓa gaya wa Ubale ba, bari in gaya wa takarda. Bara 'yan Murya Ɗaya na zaɓa. Ba don Kamalu ba. Na gaji ne. Na gaji da waɗancan da suke zuwa duk shekara huɗu da atamfa da sabulu, su tafi su bar mu da karyayyar gada. Waɗannan suka zo suka ce surutu ya isa, majalisa ɓata lokaci ce, a ba mutum ɗaya wuƙa da nama a ga aiki. Ina zaune a gindin rediyo ina gyaɗa kai. Kuma gadar sun gyara ta cikin wata biyu, gaskiya ba ta ɓuya.

Da suka rufe majalisar kansiloli suka ce sai an tantance, na ce me suke tsinanawa dama. Da aka daina shirin nan na rediyo da mutane suke bugo waya suna caccakar masu mulki, na ce dama rashin kunya ta yi yawa a ciki. Ban taɓa kawowa a raina cewa abin zai gangaro har bakin magudanarmu ba.

Talata, 21 ga Janairu, bayan la'asar

Sun nema.

Musaddiq ya kawo takarda bugaggiya, shafi biyu. Rahoton babban taro ne, wai an yi shi ranar Asabar sha ɗaya ga wata, wai mutum ɗari da tamanin sun halarta, sun amince a jingine tsarin mulkin ƙungiya, a sauke Ubale, a ba Kamalu riƙo. A ƙasa an bar fili: sa hannun sakatare da hatimi. Ma'aikatan ruwa hannuna suka sani, ba za su yi hulɗa da sabon shugaba ba sai sun gan shi.

Na ce, “Ranar sha ɗaya ga wata ina Burumburum wajen ta'aziyya.”

Ya ce, “Ba wanda zai tambaye ka inda kake, Malam.”

Ya ajiye ta a kan tabarma, ya ɗora biro a kai don kada iska ta ɗauke. Har Hausar rahoton irin tawa ce. Sun karanta tsofaffin rahotannina sun kwaikwayi yadda nake buɗewa da yadda nake rufewa. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Laraba, 22 ga Janairu, da hantsi

Takardar tana cikin akwati. Ganyen alkama ya fara naɗewa.

Alhamis, 23 ga Janairu, da yamma

Humaira ta wuni a gidan nan. Cikinta ya tsufa, da ƙyar take zama. Tun safe tana ta taya uwarta gyaran wake. Sai da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina.

“Baba, kwana uku ke nan maigidana ko tuwo ba ya iya ci.”

Na ce Allah ya sawwaƙe.

“Sun ce in bai kawo takardar ba zuwa Asabar, Ɗanliti za su ba riƙon.”

Ɗanliti bai taɓa riƙe fartanya ba. Shi yake tara samarin da suke bin motocin jam'iyya da gora.

“Ba cewa na yi ka yi wani abu ba, Baba. Na dai gaya maka ne.”

Tana ƙarama nakan ɗora ta a wuya ranar zaɓe. Wata shekara ta saci ƙwayar masara ɗaya daga kan zane ta jefa a baki, ƙirga ya ƙi cika, aka yi ta neman ƙwaya ɗaya kamar an ɓatar da zinariya. Ubale ne ya lura da kumatunta. Sai da aka sa ta tofo, aka wanke, aka mayar. Mutum ɗari biyu suka tsaya jiran ƙwaya ɗaya.

Na ce wa kaina gara Kamalu da Ɗanliti. Tun da ta tafi nake faɗa wa kaina haka.

Asabar, 25 ga Janairu, bayan azahar

Sa'adiya ta tambaye ni me ya sa yatsana ya yi shuɗi. Na ce tawada ce.

Lahadi, 26 ga Janairu, da safe

An sako mini ruwa. Alkama ta sha har ta ƙoshi. Ban tsaya a gonar ba, na dawo gida ta bayan gari.

Litinin, 27 ga Janairu, bayan la'asar

Yau ce da za a yi zaɓe. Na ji an ce Ubale ya je gindin mangwaro tun hantsi da tukunyarsa, shi da mutum kamar talatin, suna jiran sakatare ya kawo masara. Na ce wa Sa'adiya duk wanda ya yi sallama ta ce ba na jin daɗi. Sau biyu aka yi sallama.

Ita ma ba ta yi mini magana ba yau, sai ajiye kwano da ɗauke kwano.

Alhamis, 30 ga Janairu, bayan Magariba

Sun kira taro, na gaske wannan karon, don su sanar da na ƙaryar. Da lasifika da rumfa da kujerun roba. Aka zaunar da ni a gaba kusa da Kamalu. Musaddiq ya karanta takardar tun daga bisimilla har zuwa sunana.

Sai Ubale ya miƙe daga can baya. Bai dubi Musaddiq ba, ni ya duba.

“Malam Jibrin, tsufa ya fara kama ni, ina mantuwa. Tuna mini, a wannan taro na sha ɗaya ga wata, a ina na zauna?”

Ban ce komai ba.

“Na yi magana a wurin? Me na ce?”

Ban ce komai ba.

Ya gyaɗa kai, ya koma ya zauna a hankali.

Musaddiq ya ce duk wanda ya amince ya ɗaga hannu. Samarin Ɗanliti suna tsaye a gefe da wayoyi suna ɗaukar hoton jama'a. Hannuwa suka fara tashi ɗaya-ɗaya, kowa yana satar kallon maƙwabcinsa. Tani ta miƙe daga cikin mata ta ce, “A ƙirga! In da gaske ne a kawo masara a kafa zana!” Aka kunna waƙar jam'iyya a lasifika, muryarta ta nutse. Ina ganin bakinta yana motsi.

Musaddiq ya ce, “Baki ɗaya. Alhamdu lillahi.”

Ni na ƙirga. Ba da niyya ba, idona ne ya saba. Arba'in da bakwai. Cikin ɗari biyu da goma sha biyu, arba'in da bakwai, har da masu ɗaga hannu rabi. Lasifikar tana gabana, taku ɗaya. Da na faɗi wannan lamba ban san abin da zai faru ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Na sa hannu a takardar nan ranar Asabar, na buga hatimi. Ga shi na rubuta.

Lahadi, 2 ga Fabrairu, da hantsi

Humaira ta sauka lafiya. Mace.

Talata, 4 ga Fabrairu, bayan azahar

Ubale ya bar wa ƙaninsa gona, ya tafi Doguwa wajen babban ɗansa. An ce tun da aka yi taron, samari suke kwana suna buga masa ƙyaure. Bai yi mini sallama ba. Shekara arba'in ko kasuwar Tudun Wada zai je sai ya leƙo ya ce, “Malam, akwai saƙo?”

Lahadi, 9 ga Fabrairu, da yamma

An raɗa wa jaririya suna Rumaisa. Tabarmin da aka shimfiɗa rabinsu ba wanda ya hau. Waɗanda suka zo ma ana shafa fatiha suka karɓi goro suka zame. Ranar sunan uwarta sai da aka aro tabarmi daga masallaci, Ubale da marigayi Abba suka kaure da gardamar wace jam'iyya ce ta talaka har waina ta huce, kowa yana zagin gwanin ɗan'uwansa, sannan suka ci a kwano ɗaya. Yau ba wanda ya ambaci siyasa. An yi maganar sanyi, an yi maganar farashin taki, an tashi.

Tani ta zo wajen mata. Sa'adiya ta ce ta ɗauki jaririyar ta daɗe tana yi mata addu'a. Da za ta fita muka yi kiciɓis a zaure. Ta gyara mayafi ta raɓa ta gefena kamar an kafa turmi a wurin.

Ta tumɓuke albasarta shekaranjiya. Sa'adiya ta gani, ta ce ko ƙwan zabo ya fi su girma.

Laraba, 12 ga Fabrairu, bayan sallar asuba

A teburin mai shayi yanzu in mutum zai ce ruwa bai iso masa ba sai ya waiga tukuna. Mutum sittin sun karɓi kati a makon nan. Ban ga laifin kowa ba.

Alkamata ta yi kyau, ban taɓa ganin ta yi irin na bana ba. Ba na son zuwa gonar.

Asabar, 15 ga Fabrairu, bayan la'asar

Labari ya zo mini cewa jiya Kamalu ya je ƙofar ruwa da kansa, ya kori samarin, ya buɗe wa mutanen ƙarshen magudana, masu kati da marasa kati. An ce ya zaga ya ga gonakin ne tukuna, ya daɗe tsaye a ta Tani. Masu tumatir wataƙila su tsira da wani abu.

Na yi murna, sannan na ji tsoro.

Talata, 18 ga Fabrairu, da hantsi

Kamalu ya zo shi kaɗai, a ƙafa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya kasa tashi.

“Baba, sun cire ni.”

Na ce yaushe.

“Jiya. Ta waya. Musaddiq ya ce na nuna rashin biyayya, in kai wa Ɗanliti makulli kafin azahar. Daga riƙon har shugabancin mazaɓa. Na ce a ba ni dama in yi bayani, ya ce wa zan yi wa.” Ya share fuska da hannun riga. “Kuma sun ce gonata ba ta da rana a sabon jadawali.”

Sa'adiya ta kawo masa kunu, bai taɓa ba.

“Baba, kai ka san tsarin mulkin nan da ka. Ba wani sashe da ya ce ba a cire mutum sai an saurare shi?”

Na ce akwai. Sashe na tara. Ba a sauke shugaba, ba a hana ɗan ƙungiya ruwa, sai a gaban babban taro, bayan ya kare kansa, kuma sai kashi biyu cikin uku sun yarda.

Ya ɗago kai da sauri, karo na farko da ya dubi idona tun da ya auri 'yata. “To ai shi ke nan! Sai mu kira taro!”

Na ce, “Kamalu, shi muka jingine. Kai ka kawo takardar, ni na sa hannu.”

Can cikin gida ana daka.

Da ya nisa ya ce, “Yanzu ba abin da za a yi?”

Na ce abu ɗaya na sani, shi ma ban ce zai yi ba. In je gaban ma'aikatan ruwa da gaban jama'a in ce ƙarya na rubuta, ba a yi taro ba. In ba a yi taro ba, to har gobe Ubale ne shugaba, shi kaɗai yake da ikon kiran mutane gindin mangwaro. Amma sai ya yarda ya dawo. Kuma wanda ya ce ya sa hannu a takardar ƙarya, ba gida ake barinsa ya koma ya kwanta ba, wannan na sani.

Ya ce, “Zai saurare mu kuwa?”

Na ce ban sani ba. Ni da ni ne shi, da ba zan saurara ba.

Bayan ya tafi na gaya wa Sa'adiya. Ta tashi ta ɗauko babbar rigata ta fara neman sabulu.

Laraba, 19 ga Fabrairu, bayan sallar asuba

Motar Doguwa ƙarfe bakwai take tashi. Ga sallamar Kamalu nan a ƙofa.